Babbaƙu Kafin Tilawa: Yadda Muka Koya wa Yaranmu Karatu a Tsakar Gida



 Da aka aiko mini cewa in zo in yi magana a taron nan, sai da na tambayi ɗan aiken ko dai ɓatan kai ya yi. Ni tela ne. Keken ɗinki na sani, da almakashi da zare. Ban taɓa riƙe alli a gaban aji ba, karatuna na lakkol ma a kolej ya tsaya. Ya ce ai dalilin ke nan da aka zaɓe ni, don ku ga cewa abin bai fi ƙarfin kowa ba. To, ga ni. Abin da zan faɗa muku a gidana ya faru, kuma da abin kunyar zan fara.

Ɗiyata ta fari, wadda kun san ba a faɗin sunanta, tana CE1 a lokacin, shekarunta takwas. Duk jarrabawar da aka yi tana cikin goma na farko. In na taso daga shago da dare, sai ta ɗauko littafinta ta karanta mini shafi guda da Faransanci, murya tar, babu gargada. Ni kuwa sai in gyara zama ina jin daɗi, har ina ba maƙwabta labari. Wani dare tana tsakiyar shafi aka ɗauke wuta. Kafin uwarta ta lalubo fitila, yarinya ta ci gaba da karatu cikin duhu har ta kai ƙarshen shafin, ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba. Uwarta ta yi dariya. Ni gabana ne ya faɗi.

Da fitila ta zo, na ɗora yatsa a kan wata kalma a tsakiyar shafin na ce, “Karanta mini wannan kaɗai.” Sai ta koma sama ta faro daga farko. Na ɗauki allonta na lakkol na rubuta “nama”, harufa huɗu. Ta dubi allon, ta ɗago ta dubi fuskata, tana neman amsa a idona. Shekara ta uku ke nan tana zuwa lakkol, ɗiyata ba ta iya karatu ba. Hadda take yi.

Na yi mata tsawar da har yau nake nadamarta. Inna, mahaifiyata, wadda ta yi shekara da shekaru tana koya wa yaran unguwa karatun allo, ta leƙo daga ɗakinta ta ce, “Kai, mi ta yi maka? Yarinyar ga an ba ta tilawa ba a ba ta babbaƙu ba. In kana da abin yi, ka yi. In ba ka da shi, ka bar mini jika ta yi kwana.” Wannan maganar ita ce tushen duk abin da zan faɗa muku yau.

Kada wani ya fita nan ya ce na zargi mushe. Ajin ɗiyata sun haura tamanin, littafi ɗaya yara da yawa ke raba shi, kuma ana koya musu karatu da harshen da ba su taɓa ji a gida ba. Yaro mai ƙwaƙwalwa in ya rasa hanya sai ya haddace, don ya tsira daga bulala da dariyar ƴan aji. Kuma ba gidana kaɗai ba ne. Akwai awon da ake kira PASEC, wanda ake yi wa ƴan makarantar ƙasashe masu aiki da Faransanci. A awon 2014, cikin yaranmu na Nijar da suka kai ƙarshen firamare, waɗanda karatunsu ya kai matakin da ake nema ba su cika ɗaya cikin goma ba. A na 2019 an samu ci gaba, sun kai wajen uku cikin goma. Ku dubi ƙannenku goma da ke CM2, ku yi lissafin sauran bakwai ɗin da kanku.

A shekarar nan kuma ƙanenta ya isa shiga CI. Yaron yana da sikila, sanyi kaɗan ke kwantar da shi, ga ajinsu na zana ne, iskar hunturu tana ratsa shi ta ko'ina. Bayan mun yi shawara da likita, muka kuma sanar da darakta, sai muka yanke cewa ya yi shekara ɗaya a gida, mu koya masa da kanmu. Ga mu da ɗalibai biyu: ɗaya za a fara masa gini, ɗaya za a kwance mata a sake ɗinki. Mai ɗakina ce ta ɗauki mafi yawan aikin, ita ke yin na safe, ni in yi na bayan la'asar. In kun ji ina cewa “na yi”, ku raba ladar, ku ba ta kashi mafi tsoka.

Hanyar da muka bi ba baƙuwa ba ce gare ku. Kusan kowa a nan ya zauna gaban malam da allo. Da farko babbaƙu: ka san kowane harafi tsirara, babu wasali. Sannan farfaru: a sa wasali bisa, a sa wasali ƙasa, a sa rufu'a, ka ji yadda baƙi ɗaya yake sauya murya. Sai an gama wannan ake barinka ka haɗa baƙi ka ja karatu. Babu malamin allon da zai miƙa wa kotso shafi cikakke ranar farko ya ce ya kalli siffar kalma ya gane ta. Iyayenmu da suka yi lakkol zamanin littafin Mamadou et Bineta su ma da haɗa baƙi da wasali suka fara. Turawa kansu sun daɗe suna gardama a kan wannan, wasu na cewa a nuna wa yaro kalma ɗungurungum ya saba da ita. A Amurka wani kwamitin masana ya tattara binciken da aka yi, ya fitar da rahoto a 2000 cewa koyar da sautin harufa bi da bi, cikin tsari, ya fi taimakon yara. Ingila ta bi wannan hanya bayan rahoton Jim Rose na 2006. Da na ba Inna wannan labari cewa ta yi, “Ashe sai yanzu sunka gano?”

Da wane harshe za a fara? Mu da Hausa muka fara, kuma ina ba ku shawara ku fara da harshen da yaron yake kuka da shi. In Zabarmanci ne ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci, hanyar ɗaya ce. Dalili biyu ne. Na farko, in yaro ya haɗa “na” da “ma” ya ji “nama”, nan take zai gane abin da ya karanta, ya yi murmushi, ya nemi ƙari. In ya sha wahala ya haɗa kalmar Faransanci ya ji abin da bai sani ba, bai san ko ya yi daidai ba. Na biyu, rubutun boko na Hausa mai gaskiya ne: kusan kowane harafi sauti ɗaya gare shi, abin da ka ji shi kake rubutawa. A Faransanci kuwa sautin “o” kaɗai ana rubuta shi o, ana rubuta shi au, ana rubuta shi eau, ga harufan da ake rubutawa a ƙarshen kalma ba a faɗinsu. Wanda zai koyi keke, a fili ake fara masa kafin a kai shi kasuwa. Ƙasarmu ma ta san da haka: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda yara ke fara karatu da Hausa kafin su shiga Faransanci. Kuma tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Abin kunya ne a ce muna jin sa, muna alfahari da shi, ba mu iya rubuta shi daidai ba.

Yanzu ga matakan, yadda muka bi su.

Mataki na farko, kunne kafin ido. Sati biyu ba mu nuna wa yaron ko harafi ɗaya ba. Wasa muke yi. Uwarsa tana tuƙa tuwo sai ta ce, “Tafa mini sunan abin nan: mu-ci-ya.” Ya tafa uku. “Tu-kun-ya.” Uku. “Ta-sa.” Biyu. Daga nan sai, “Kawo mini abu a gidan nan da sunansa ya fara da sss.” Ya ruga ya kawo sabulu, ya kawo soso. Wata rana ni zan rarraba kalma in ce “a-ku-ya”, shi ya haɗa ya nuna ta. Yaron da kunnensa bai ji cewa kalma gunduwa-gunduwa ce ba, harafi zane ne kawai a wurinsa.

Mataki na biyu, wasula biyar: a, e, i, o, u. Ɗaya bayan ɗaya, kowanne kwana biyu ko uku. Ya faɗa, ya zana da yatsa a rairayi, ya zana da gawayi a bango, sannan ya rubuta a allo. Baki da ido da hannu su yi aiki tare.

Mataki na uku, baƙaƙe, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Ku koya masa sautin harafi, ku ajiye sunansa sai gaba. In ka ce wa yaro wannan “em” ne, wannan “a” ne, ka ce ya haɗa, “ema” zai ce, kuma gaskiyarsa. In ka ce wannan “mmm” ne, ka ja shi har ya zarce cikin “a”, da kansa zai ji “ma” ta fito. A nan mun ɗan saɓa da makarantar allo, inda sunan harafi ake fara bayarwa, sai a farfaru sautin yake bayyana. Mun fara da baƙaƙen da ake iya jan su da baki: m, n, s, l. Irin su b da d da k da t ba su jawuwa, sai daga baya, kuma su a manne da wasali ake ba da su: ba, bi, bu. Kada ku bi jerin a, b, c, d. Jerin nan na neman kalma a ƙamus ne, kuma yana ajiye b da d kusa da juna, su kuwa tagwaye ne masu rikita yara. Ku bar sati biyu ko uku tsakaninsu.

Mataki na huɗu, kada a jira a gama harufa kafin a fara karatu. Da baƙaƙe huɗun nan da wasula biyar, ga abin da yaro zai iya karantawa: mama, nama, nono, suna, sama, lemo, masa, nesa. Har jimla: “Ina Musa? Musa na nesa.” “Ina nama? Lami na so.” Ranar da yarona ya karanta “nono” da kansa, ya tashi ya zaga gidan sau biyu yana faɗa wa kowa, har da akuya. Doka ɗaya muka riƙe: ba ma ba shi kalmar da ke da harafin da bai koya ba. In ka ba shi, ka koya masa kintace. Littattafan da suka dace da wannan tsari ba mu same su a kasuwa ba, sai muka yi namu. Kwalin sukari da na shayi na yanka da almakashin shago, kowane guntu gaɓa ɗaya, yana jera su a tabarma yana sauya musu wuri: “sa-ma” ta koma “ma-sa”. Duk abin da muka kashe a shekarar, alli da kaye da bik, bai kai jika biyu ba.

Mataki na biyar, harufa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Ƙannena, a nan ku ma ku buɗe kunne, don na ga saƙonninku a salula. Ƙugiyar nan ba ado ba ce. Doki daban, ɗoki daban. Kura tana cin akuya, ƙura tana shiga ido. Baki na cin abinci, baƙi shi muke koyo yanzu. Haka kafa da ƙafa, daka da ɗaka, bari da ɓari. Mu wasa muka mai da shi: in faɗi ɗaya, yaro ya ɗaga kwalin da ya dace. Ku kuma sani cewa mu a Nijar ƴ muke rubutawa, a Najeriya kuwa 'y suke sawa, don kada yaro ya ga littafin Kano ko na Zariya ya rikice. Bayan su sai tagwayen baƙaƙe, harufa biyu masu sauti ɗaya: sh, ts, ky, kw, gy, gw, ƙy, ƙw. Ku ce masa waɗannan aminai ne, tare suke magana da murya ɗaya: shanu, tsamiya, kyauta, gwanda, ƙwai.

Mataki na shida, gaɓa mai nauyi. Gaɓar Hausa ba ta da yawan iri. Akwai irin “ba”, akwai irin “bai” da “bau”, akwai wadda baƙi ya rufe ta, irin “ban” da “bar”. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi ba yarona wuya, sai ya riƙa cewa “tamabaya” maimakon “tambaya”. Da na ce masa ai ɗauri ne, irin wanda ya sani a allo, baƙi ne da ba shi da wasali, sai ya gane. Haka baƙi mai ninki: baba da babba, kule da kulle. Na ce masa shadda ce, sai dai a boko sau biyu ake rubuta harafin. Duk abin da yaro ya riga ya sani a makarantar allo, jari ne, ku yi amfani da shi.

Akwai abin da boko ba ya nunawa, kuma gara ku faɗa wa yaro gaskiya. Ba a rubuta tsawon wasali, ba a rubuta hawa da saukar murya. “Gari” na iya zama inda muke zaune, yana iya zama na tuwo. “Kuka” na iya zama na miya, yana iya zama na hawaye. “Fari” launi ne, rashin ruwan sama ne, kuma su ne masu cinye hatsi. Tsofaffin takardun yaƙi da jahilci na ƙasar nan, bayan taron Bamako na 1966, suna ninka wasali mai tsawo, daga baya aka bari don rubutunmu ya zo ɗaya da na maƙwabta. Ajami ma yana nuna tsawon. A boko kuwa jimla ce ke warware maka. Saboda haka duk jimlar da yaro ya karanta, ku tambaye shi, “Mi aka ce?” In ya fitar da sauti daidai bai san abin da aka ce ba, da sauran aiki.

Mataki na bakwai, rubutu, kuma shi tun ranar farko yake tafiya tare da karatu. Kowace rana muna rufewa da ƴar dikte, kalma uku zuwa biyar. In faɗi kalma, ya maimaita, ya ƙirga gaɓoɓinta a yatsu, ya rubuta gaɓa-gaɓa, sannan ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi. In ya rubuta “tuya” alhali “tukunya” na ce, ba na cewa ya yi kuskure. Cewa nake, “Karanta mini abin da ka rubuta.” Da ya karanta zai ji abin da ya ɓace, ya gyara da hannunsa. Gyaran da yaro ya yi da kansa ya fi zama.

A wajen rubutu za ku haɗu da bakin garinku. Mu nan “tahiya” muke cewa, littafi ya rubuta “tafiya”. Muna cewa “hwara”, littafi ya ce “fara”. Kada ku ce wa yaro bakinsa ne ba daidai ba, Hausar kakanninsa ce. Ku ce masa haka muke faɗi, haka ake rubutawa don na Tawa da na Damagaram da na Kano su karanta abu ɗaya. Sai kuma raba kalmomi, inda manya ma suke tuntuɓe. “Ina so” kalma biyu ce, “ya ce” biyu ce, “shi ne” da “ita ce” a rabe suke. Amma “gidansa” da “rigarmu” a haɗe. Ku gyara naku tukuna, don yaro abin da ya gani a hannunku shi zai kwafa.

Tsawon zama fa? Minti goma sha biyar zuwa ashirin, sau ɗaya ko sau biyu a rana, kwana biyar ko shida a sati. Kaɗan kullum ya fi da yawa ran Lahadi. A tashi tun yaro bai gaji ba, yana son ƙari. Kuma babu bulala. Na faɗa muku na yi tsawa sau ɗaya, sai da na yi wata guda ina biyan bashinta, don duk lokacin da na ɗauko allo sai jikin yarinyar ya ɗauki rawa. Yaron da ke jin tsoro fuskarka yake karantawa, ba ya ganin allo.

Yaron, da yake farin allo ne, cikin wata huɗu ya fara karanta gajerun jimloli. Yarinyar ta fi ba mu wuya, duk da ta girme shi, don ta saba da kintace: ta ga harafin farko, ta dubi hoto, ta jefo kalma. Maganin da muka samu shi ne mu rufe hoton, mu kuma riƙa ba ta kalmomin da babu su a duniya, irin “lomu” da “nasi” da “ɗuko”. Wannan ba a haddace shi, ba a kintatarsa, sai an bi harafi ɗaya bayan ɗaya. Daga baya na ji cewa a Ingila tun 2012 haka ake auna yara ƴan wajen shekara shida: kalma 40, rabinsu na ƙirƙira ne. Ga kuma wani abu: ta ji kunyar a mai da ita baya tare da ƙanenta. Sai uwarta ta yi dabara ta naɗa ta madam, ita ke riƙe kwalaye tana yi masa tambaya. Tana koya masa, tana koyo, girmanta bai faɗi ba.

Na san tambayar da ke bakinku: Hausar ba za ta ɓata masa Faransanci ba? Mu dai ba ta ɓata ba. Dabarar haɗa baƙi da wasali sau ɗaya ake koyonta a rayuwa, kuma harufa da yawa, irin su m, n, l, b, d, t, a, i, o, aikinsu kusan ɗaya ne a harsunan biyu. Abin da ya rage shi ne a zaunar da yaro a nuna masa inda hanya ta rabu. Sunayenmu ma sun isa darasi. Musa a takardar haihuwa Moussa ne, don abin da muke rubutawa u su ou suke rubutawa. Cima ta zama Tchima, Jibo ya zama Djibo, sh ɗinmu shi ne ch ɗinsu, Tawa ta zama Tahoua a allon bakin hanya. Sai sautukan da babu su a bakinmu, irin p da v da u ɗinsu na tsuke leɓe da wasulan hanci, a koya su ɗaya ɗaya kamar yadda aka yi da farko. Amma in faɗa muku iyakar wannan hanya. Tana buɗe wa yaro ƙofa ya furta abin da ke rubuce. Ba ta ba shi ma'anar kalmar da bai taɓa ji ba. Wannan sai da hira, da tatsuniya, da karanta masa labari da ƙarfi, da amsa tambayoyinsa ko kun gaji. Faransanci kuwa sai ya ji shi a kunne yana kuma faɗi, a nan mushe ya fi mu.

Saboda haka kada wani ya ce tela ya ce a cire yara daga lakkol. Lalura ce ta sa muka riƙe namu, da shekara ta zagayo muka mai da shi, don akwai abin da aji ke bayarwa wanda tsakar gida ba ta da shi. Kuma in kun yi wata biyar ko shida kuna bin matakan nan a hankali, yaro bai motsa ba, kada ku ce daƙiƙi ne. Ku kai shi likita a duba kunnensa da idonsa, don yaron da kunnensa ke ruwa ba ya rarrabe “sa” da “tsa”. Akwai kuma yaran da Allah ya yi su sai an maimaita musu sau goma abin da wani zai ɗauka sau biyu. Su ne suka fi kowa bukatar wannan hanya, da mai haƙuri a gefensu.

A hunturun shekarar nan ciwon yaron ya tashi, muka kwana huɗu a likita. Dare na uku uwarsa ta kifa kai a bakin gado tana hawaye, tana zaton barci yake. Da safe ta tarar da kwalin magani kusa da hannunta, an rubuta a bayansa da bik, layin ya karkace: “Mama na ji sauki.” Ya manta ƙugiyar ƙ. Ni da na yi wata da watanni ina bin sa da maganar ƙugiya, ranar ban ce komai ba. Kwalin yana nan cikin akwatinta har yau. Yayarsa kuwa ita ke rubuta mini awon masu ɗinki a shago in an yi hutu, kuma in aka ɗauke wuta yanzu, tsayawa take yi sai an kawo fitila.

Ƙannena, yawancinku ba ku yi aure ba tukuna, amma babu wanda ba shi da ƙane ko ƙanwa ko ɗan maƙwabci. Ga roƙona. Yau in kun koma gida, ku kira ɗaya daga cikinsu, ku rufe littafinsa, ku rubuta masa kalma biyar da bai taɓa gani a shafi ba. In ya karanta, ku gode wa Allah, ku nemo masa abin karantawa. In ya ɗago ya dubi fuskarku, kada ku yi masa irin tawa. Ku nemo kwali da almakashi, ku fara daga tafi. Bakansi wata uku ne, ko ana aikin gona ba a rasa minti ashirin bayan la'asar. Kowane reshe na ƙungiya, daga Maraɗi har Yamai, zai iya rubuta sunan wanda ya ɗauki yaro da ranar da ya fara, in an dawo a watan Oktoba a zauna a ji inda aka kai. Wanda ya rasa yadda zai yanka kwalayen, shagona a buɗe yake, almakashi kyauta ne.

Allah ya yi wa ƙungiyar nan albarka, ya jiƙan waɗanda suka kafa ta da suka riga mu, ya saka wa malamanmu na allo da na lakkol da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.